Darbejiya Goma Sha Biyu a Gonar Aro

Tsohon sansanin sojan nan da ke gefen hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, a gonar mahaifina aka kafa shi. Yaran yanzu sun ɗauka tun asali wurin na gwamnati ne, ni kuma nakan bar su a haka, don gyara musu zancen ya fi mini ciwo.

Ba a daɗe da yin jihar Jigawa ba 'yan fashi suka addabi hanyar, musamman ranakun kasuwa. Direbobin da ke zuwa Kano suka yi ta kai kuka, sai aka turo sojoji 'yan kaɗan. Mai unguwarmu ya kawo shugabansu wajen Baba, suka roƙi aron gonarsa ta bakin titi zuwa faɗuwar damina. An gama girbi, babu komai a cikinta sai kara. Baba ya ba su a gaban shaidu, babu takarda, yadda ake aron gona a wajenmu.

Suka kafa tantuna, kuma tsakani da Allah sun yi amfani. Fashi ya lafa. Rigimar manoma da makiyaya ma, da an ce za a kira su sai kowa ya sassauta murya. Mata suka samu kasuwar ƙosai da fura. Damina ta zo ta wuce ba wanda ya yi zancen tashi, Baba kuma ya ji nauyin tambaya.

Ni a lokacin sabon ma'aikaci ne a wurin rainon itatuwa, ina ji da kaina. Jiha sabuwa, kowa yana so a ga hannunsa a wani abu. Na ga sojojin suna gasuwa a rana, sai na ɗauro dashen darbejiya goma sha biyu a bayan keke, na haƙa ramukan da hannuna. Shugabansu ya dafa kafaɗata ya kira ni injiniya, na dawo gida kaina ya kumbura.

Da na ba Baba labari sai ya ajiye butarsa. "Ka taɓa ganin an dasa itace a gonar aro? Mai aro gero yake shukawa, ya girbe ya tafi. In ka bar shi ya dasa itace, ai ka bar masa ke nan."

Na ce wannan al'adar ƙauye ce, soja bai san ta ba.

"Shi bai sani ba, mutanen gari sun sani. Gobe ka je ka tuge su."

Na je. Na tarar da wani kofur yana ba su ruwa da bokiti, ya tare ni da fara'a. Muka yi hira, na juya kekena na dawo. Kunya ce kawai, kunyar kada a ce injiniya ɗan ƙauye ne. Baba bai sake tayar da zancen ba.

Tantuna suka zama ɗakunan bulo, aka haƙa rijiya, aka zagaye da waya. Bayan shekaru hanya ta yi lafiya, aka kwashe sojojin. Baba, wanda idonsa ya fara rauni, ya ce in raka shi mu karɓi gonarsa.

Aka zauna a ƙofar mai unguwa, da wani jami'in filaye da dattawan gari. Shaidun aron, su biyu, sun riga sun rasu. Jami'in ya ce a saninsa kyauta ce. Wani dattijo ya ce abin da sauƙi: idan itatuwan nan an dasa su ba da yardar mai gona ba, to aro yana nan daram. Ya juya wajen Baba. "Malam, da saninka aka dasa?"

Duk wanda ke wurin ya san wanda ya dasa. Abin da ya rage shi ne in faɗa a gaban jama'a cewa ubana ya hana ni na ƙi ji. Lokacin ina da 'ya'ya, ana ce mini Malam, ana ba ni tabarma. Na sunkuyar da kai ina tattara kalmomi, sai na ji muryar Baba.

"Da sanina," ya ce. "Ni na aike shi."

Akwai sarari bayan wannan, wanda ya isa mutum ya ce ba haka aka yi ba. Dattijon ma ni yake kallo, yana jira. Na bar kaina a sunkuye har aka shafa fatiha, gona ta zama ta gwamnati.

A hanyar gida Baba ya riƙe hannuna saboda ba ya ganin ramuka. Da muka zo daidai wayar da ta zagaye gonar ya tambaye ni ina muke, na ce masa mun riga mun wuce.