Sawun Yatsun Inna a Bango

Shekarun baya can, wata damina mai ƙarfi ta kayar da ɗakin kakata a ƙauyenmu da ke bayan Kwandiko. Allah ya sa tana tsakar gida lokacin da bangon ya zube. Inna, haka muke kiranta, ta daɗe da rasa idanunta, amma baƙo ba zai gane ba. A ɗakin nan ita ke yin shararta, ta hura wutarta, ta miƙa hannu ta ɗauko carbinta ba lalube.

Ni kuwa, jika mai jin ya waye, na ɗauko ta na kawo gidana a Birnin Kudu. Na ba ta ɗaki mai tayil da fanka, ina ta washe baki. Ranar farko ta yi karo da ƙofar banɗaki, goshinta ya kumbura. Daga nan ta zauna. Matar da ba ta taɓa yarda a ja mata sanda ba, ta koma ko alwala sai matata ta riƙe ta. Ta rage ci, ta daina hira. Ina kallonta tana ƙarewa a kan katifa, wallahi tsoro ya kama ni.

Wata rana na tsugunna na ce, "Inna, me aka yi miki a gidan nan?"

Ta ce, "Ba a yi mini komai ba, ɗan nan. Amma bangonku ko'ina na shafa iri ɗaya ne, sumul. Ni sai da na zo nan na makance."

Na ce da rani ya shigo zan sayi bulo a yi mata sabon ɗaki a ƙauye. Ta tambaye ni ina ƙasar tsohon. Na ce tana nan tsibi guda.

"To ai ɗakin yana nan. Kwanciya ya yi, ku tashe shi."

Da rani muka koma tare da ita. Kawuna magini ne, shi ya kira gayya. Aka farfasa tsohuwar ƙasar, aka jiƙa, aka zuba busasshiyar ciyawa, aka shiga tattakawa. Ni ma na naɗe wando na shiga, ban yi taku biyar na kirki ba na sha ƙasa, 'yan gayya suka samu abin dariya. Amma da ƙasar ta sha ruwa sai wani ƙamshi ya taso, na hayaƙi da daddawa da man shanu, ƙamshin da na sani tun ina rarrafe. Inna na zaune a gindin ɗorawa. Ta ɗaga kai ta shaƙa, ta ce, "Shi ne."

Ashe ƙasa tana riƙe abin da ta ji.

Na so a ƙara faɗin ɗakin, ta ƙi. Ta cire takalmi ta bi tsohon harsashin da ƙafarta, kawu na binta yana jan layi da sanda, ko kusurwa ɗaya ba ta kuskure ba. Aka ɗora tubali. Azarar giginyar da aka zaro daga cikin tarkacen aka sake jerawa, ko gara ba ta taɓa ta ba. Ƙyaurenta na gwangwanayen da aka bubbuge, shi aka miƙe aka mayar. Indararo kuwa tsohon bokiti kawu ya tsaga ya naɗe.

Ranar yaɓen ciki, ƙasa na ɗanya, ta ce a shigar da ita. Ta dafa yatsunta a bakin ƙofa, ta ja su a jikin bango a hankali, har wurin gado, har wurin randa, har alkuki, ɗan ramin bangon da take ajiye carbi. Na yunƙura zan ce tana ɓata aiki, kawu ya riƙe rigata ya ce, "Bar ta. Hanya take yi."

Da ɗaki ya bushe aka shafe waje da makuba, muka kawo ta. A bakin ƙofa ta zame hannunta daga na matata. Ta tura ƙyauren, ya yi ƙararsa ta dā. Ta sa yatsunta cikin sawun nan ta wuce, ita kaɗai, ba sanda. Muka tsaya a waje. Can muka ji muryarta:

"Wane ne ya jingine mini tsintsiya a nan? Ba wurinta ba ne."

Kawu ya yi dariya, ni kuwa hawaye na share. A ranar ta cinye tuwonta, har ta ce miyar ba gishiri.

Ta yi shekaru a ɗakin kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau abin na ba ni mamaki: ban kawo mata komai sabo ba, abin da ya faɗi aka tasa, shi ya mayar mata da ƙafafunta. Ɗakin yana nan, sawun ya yi santsi saboda shafa. Duk zuwana sai na rufe ido na sa yatsuna a ciki na bi, kuma bai taɓa ɓatar da ni ba. Kullum a wurin carbinta yake ajiye ni.