Jinjina ga Baba Cire-Caja

Kafin masu shagunan layinsu su gama buɗe ƙofofinsu, shi ya riga ya share ɗan shagonsa, ya goge teburi, ya jera sukudireba da burushi. Duk kwamfutar da aka kawo masa, ko me mai ita ya ce tana yi, abu na farko sai ya zare caja. Daga nan sunan ya samo asali. Tela maƙwabcinsa yakan tsokane shi, wai ko fanka aka kawo masa sai ya cire ta daga soket sannan ya tambayi abin da ya hana ta juyawa. Baba sai ya yi dariya, ya ce shagonsa dai akwai wuta, amma gidajen mutane fa? A can kwamfuta za ta yi aiki, don haka a irin halin can yake gwada ta.

Ƙarshen watan nan zai bar shagon, ido ya fara gajiya. Ni kuwa ba zan bari ya tafi shiru ba, domin ina da shaida a cikin gidanmu.

Autarmu karatun ungozoma take yi, jarabawarta ta ƙarshe kuma ta intanet ce, agogo na tafiya a gefen allo. Zaman farko ta faɗi. Ba rashin karatu ba ne. Ana tsaka da yi aka ɗauke wuta, shafi ya koma tafiyar hawainiya, in ta danna amsa sai ya tsaya yana ta juyi, har lokaci ya ƙare. Dama ɗaya ta rage mata. Duk gidan muka ɗora wa sabis laifi. Yayanmu ya canja mata layi, ni na ce ta riƙa zama kusa da taga. Yarinya ta daina cin abinci, har ta fara cewa wataƙila ba rabonta ba ne. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai.

Ni na raka ta wurin Baba da kwamfutarta. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ya jona caja, ya buɗe burauza, manhajar shiga intanet, shafi na gudu lafiya lau. Yana zare caja ciwon ya fito fili. Ya ce mana da zarar kwamfuta ta koma kan batir sai ta fara tsimi, ta rage wa kanta ƙarfi, ita ma burauzar da nata tsimin daban. Su biyu na ta rowa, mai jarabawa na shan wuya.

Bai gyara da hannunsa ba. Tura mata kwamfutar ya yi, ya sa ta shiga saitin batir ta kashe tsimin, ta zaɓi cikakken ƙarfi, sannan ta kashe na burauza. Ya mayar da komai yadda yake, ya ce ta sake, har hannunta ya saba.

"'Yata, ki ji fa," in ji shi. "Yanzu za ta yi gudu, amma za ta sha batir ba kaɗan ba. Ki cika shi fal, ki rage hasken allo, ki rufe duk shafin da ba na jarabawa ba."

Ranar jarabawa kuwa masu wuta suka ɗauke ta kamar an aiko su. Muna falo mun yi tsit, ba abin da muke ji sai ƙarar madannai daga ɗakinta, ba tsayawa.

Da sakamako ya fito ta je ta gaya masa ta ci. Bai ma fara da barka ba.

"Batirin ya kai ki?"

"Ya kai ni, Baba. Ina tura amsar ƙarshe ya mutu."

Ya jinjina kai, ya ce alhamdulillahi.

Baba, kai ne mai gyaran da ba ya ɓoye sani don a dawo masa gobe. Malamin makaranta da mai kantin magani na layinku duk sun ba ni irin wannan labari, kowa da tasa kwamfutar. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi da shi: ku tambayi halin da mutum yake ciki a gida, ku koya masa abin da zai ceci kansa ranar da ba ku kusa.

Makon jiya Auta ta karɓi haihuwa karon farko a asibiti, uwa da jaririya lafiya. Ba su san ka ba, Baba, amma akwai hannunka a ciki.