Kwalabe Shida a Bayan Ɗakin Mai Gadi

Lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, ni yarinya ce da ko gaisuwa na yi sai an matso ake jin muryata. Kullum ina cikin littafi, kuma ba na yin aiki rabi. Malamarmu ta kimiyya ta ce mu haɗa yis na burodi da sukari da ruwan ɗumi a kwalba, mu rufe bakin da balan-balan, mu riƙa auna kumburinsa, domin sinadarin enzayim da ke cikin yis yana narka sukari ya fitar da iska. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gidanmu na Nassarawa. Na jera kwalabe shida a bayan ɗakin Baba mai gadi, inda janareta ke ba da ɗumi, safe da yamma ina aunawa da zare ina rubutawa.

Kwana ɗaya kawai Malama ta ce mu yi, ni kuwa na kai mako don sakamakona ya fi na kowa. Ban san giya nake haɗawa ba. Ranar Juma'a Gwaggo ta zo daga Hotoro. Tun daga get ta tsaya tana shinshina, ta ce hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba, burukutu ake yi a gidan nan. Aka bi wari har bayan ɗakin. Abba ya kira Baba, dattijon da ya tsufa a ƙofarmu, ya ce ya haɗa kayansa kafin la'asar. Baba ya rantse shi ko zoɓo in ya kwana ba ya sha. Gwaggo ta tambaye shi balan-balan ɗin fa, ko mashayan bikin suna suke yi.

Ina bayan labule, bakina ya ƙi buɗuwa, har Baba ya naɗe tabarmarsa. Sai na ruga na miƙa wa Abba littafin awona ina kuka. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko ita giyar ma sai da na auna mata santimita. A gaban kowa ya ba Baba haƙuri. Baba ya yafe, amma har na gama makaranta, in na zo wucewa sai ya kira ni Hajiya, ya tambaya ko na sauke na yau, masu saye sun matsa.

Ana dariya, ni kuwa har yanzu fuskarsa nake tunawa. Na gane ba kowane shiru ne tarbiyya ba, nawa ya kusa raba bawan Allah da abincinsa. 'Yan uwana masu kunya, in laifinku ya faɗa kan wani, ku yi magana nan take, ko da murya tana rawa.