Inna Rumasa'u, Mai Tayar da Hanjin da Ya Yi Barci

Shekara ashirin da biyu ke nan, da an idar da sallar asuba a Harami, Inna Rumasa'u takan koma ɗakinta a unguwar Misfala ta tace gasarar gero sau uku da farin ƙyalle, ta dama kunu tsararo, ba tsamiya, ba kanwa. Kafin rana ta yi zafi ta shiga lunguna da langa a ka, tana bin waɗanda likita ya tsaga cikinsu ya ɗinke ya sallamo.

Ba ta yi karatu ba. Wankin zannuwan gado ta yi a asibiti, a can kuma ta lura cewa hanjin da aka taɓa, bayan an shaƙa wa mai shi maganin barci, yakan makara wajen farkawa. Doguwar kwanciya ta ƙara masa nauyi, iska ta taru, tsoron ɓallewar ɗinki kuma ya hana haɗiya.

Unguwa ba ta manta da Malam Hashimu ba, mutumin Haɗeja da ya iso ta Sudan tare da matarsa Rakiya bayan tafiyar shekara uku. Da saukowarsa daga Arfa hanjinsa ya ƙulle, aka yi masa aiki, aka sallame shi da wuri saboda cunkoson alhazai. Dattawan garinsu suka yi masa gatan da suka sani, gatan mai jego: farfesun naman hadaya mai kitse, da yaji, da kunun kanwa. A ganinsu, haka ake mayar wa wanda ya zubar da jini ƙarfinsa. Duk abin da ya haɗiya sai ya dawo. A kwana na huɗu ko Zamzam ba ya zama a cikinsa, har ya fara yi wa Rakiya wasiyya.

Inna ta shigo ta kawar da tukunyar farfesun. Dattawa suka ce mai wankin asibiti za ta kashe malami da yunwa. Ta tambayi launin aman, ta sa Rakiya ta latsa cikin, ta ce in aman ya yi kore, ko cikin ya yi tauri, ko zazzaɓi ya taso, da kanta za ta mayar da shi ga likita. Sannan ta juya gare shi.

"Malam, tun da aka ɗinke ka, ka yi tusa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Malam ya ce wannan ba tambayar bainar jama'a ba ce.

"Ni kuwa ita nake jira, ya shaihi. Ranar da ta fito, ranar za ka fara ci."

Ta sa dattawan nan suka riƙa tallafe shi daga ƙofa zuwa bango, sau bakwai bayan kowace salla, ta ce ya ɗauka Safa da Marwa ne. Kunu cokali uku, a zaune, a huta, a sake. Da hantsin rana ta uku Rakiya ta fito tana toshe dariya da mayafi, ta ce, "Inna, an samu." Daga nan aka kai ga shinkafa mai laushi. Bayan wata guda Malam ya shiga jirgin ruwa a Jidda da ƙafarsa.

Ke ce, Inna, wadda kika yarda a kira ki marowaciya domin wani ya rayu. Sunanki ba ya cikin takardar kowane asibiti, amma daga unguwar Rusaifa har Haɗeja akwai masu cin tuwo yau saboda kin hana su nama jiya. Gagara-kunya, uwar majinyata, mun gode. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Bana gwiwoyinta sun gaza, kuma har yau babu wadda ta karɓi aikin. Matan unguwa, ku je ku zauna gabanta tun tana iya magana. Da aka tambaye ta abin da ya fi wuyar koyo, ba ta ambaci damun kunu ba. Cewa ta yi, "Ka ba wanda kake ƙauna kaɗan, alhali hannunka cike yake."