Agogon Sista Huraira Da Na Ɓoye A Aljihu

Ranar Laraba, 14 ga Afrilu, 2004, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Huraira Sanusi, wadda duk Gyadi-Gyadi ke kira Sista, bayan jinyar kwana biyu a asibiti. Ta rasu tana da shekara sittin da bakwai, talatin da biyar daga ciki a kan aikin jinya ta yi su. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta bayan azahar, amma har aka watse ban iya haɗa ido da ɗanta Rabi'u ba.

Inna Huraira, yau kwana bakwai da tafiyarki. Mutane sun faɗi alherinki, kuma ba su ƙara gishiri ba. Sun tuna matan unguwa da kika karɓi haihuwarsu bayan kin yi ritaya, da tsofaffin da kike bi gida gida kina wanke wa gyambo. Ni abin da zan faɗa daban ne, domin alherin da kika yi mini da kunya na saka miki.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kowa a layinmu yana ganin ƙofa ta buɗe masa, ban da ni. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'a ina neman likitanci, sau biyu makina bai kai ba. Tun ina sakandare abokai suke ce mini Dakta, ni kuma na hau na zauna. Mahaifiyata, aminiyarki ta shekara da shekaru, ita ta kai miki kukana. Bayan kwana uku kika aiko in zo da sakamakona.

Na same ki a tsakar gida kin baje takardu uku a kan tabarma, kin danne kowacce da dutse. Da ƙafarki kika je makarantun kika kwafo sharuɗɗansu daga allon sanarwa, ga ciwon gwiwar da ke damunki. Ta farko ta jami'a ce: kiredit biyar da makin da ni da ke mun san ba ni da shi. Ta biyu ta makarantar koyon aikin lafiya ce, wadda da sakamakona a yadda yake za su ɗauke ni. Ta uku ta makarantar koyon aikin jinya ce. Su kiredit biyar suke so, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, amma sun yarda a haɗa zama biyu, sannan akwai jarrabawarsu da intabiyu. Kika bi sakamakona da jan biro har kika tsaya a kan Fizis, inda fas kawai na samu.

"Kai da Fizis kamar ba ku taɓa gaisawa ba," in ji ki. "Ita kaɗai ce tsakaninka da wannan takardar. Ka sake zama a Nuwamba."

Na ce, "Inna, aikin nas ai na mata ne."

Kika cire tabarau kika dube ni. "Ranar da mahaifinka ya kwanta ciwon ajali, wa ya juya shi, wa ya wanke shi? Mu'azu ne, nas, namiji mai gemu. Ka tambayi uwarka."

Na zauna jarrabawar, na samu kiredit ɗin. Kafin intabiyu kin yi mako biyu kina zaunar da ni a kujera kina jefo mini tambayoyi kamar ba ki san ni ba, kina hana ni sosa ƙeya idan zan ba da amsa. A kan gadonki kika koya mini shimfiɗar asibiti, kina warware zanin ki ce in sake, har sai kusurwar ta tsaya yadda kike so. Ranar da sunana ya fito a allo, kin fi mahaifiyata kuka. A ranar kika ciro agogonki na ƙirji, irin wanda nas ke maƙalawa a riga don ƙirga bugun jini, kika sa mini a hannu. Kika ce tun ranar da kika fara aiki yake tare da ke.

Ga inda na ɓata, Inna. A shekarata ta farko muka tashi daga Gyadi-Gyadi muka koma Tarauni, inda ba wanda ya san takardu ukun nan. Mutanenmu kuwa duk namijin da suka gani da fararen kaya a asibiti likita ne a wurinsu. Aka fara ce mini Likita a masallaci da majalisa. Ban taɓa cewa ni likita ne ba, da wannan nake lallashin kaina, amma ban taɓa cewa a'a ba. Agogon shi ne zai tona ni, sai na cire shi daga ƙirji na mayar da shi aljihu.

Ke kaɗai ce idan kin gan ni za ki ɗaga murya ki ce, "Ga nas ɗina." Don haka na daina zuwa. Tsakanin Tarauni da Gyadi-Gyadi ko tafiyar ƙafa ba ta gagari yaro ba, amma na yi shekara huɗu ina kauce wa layinki. Ranar bikin yaye mu na ce wa mahaifiyata katin gayyata biyu kawai aka ba ni. Ƙarya ce, huɗu ne. Kin aiko mini da dambun nama da saƙon Allah ya sa albarka, ba ki tambayi dalili ba. Da na fara neman auren Khadijat a Daurawa, mahaifinta Alhaji Kabiru ya riƙa gabatar da ni ga abokansa da cewa ga likitan da zai zama surukinsa. Nan ma ban gyara masa ba.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe ina aiki a sashen gaggawa, Alhaji Kabiru ya kawo ƙaninsa da ya yi hatsarin babur, Alhajin yana tsaye kusa da ni, sai ga Rabi'u ya turo ki a keken marasa lafiya, numfashinki yana sama sama. Alhaji ya ce, "Likita, duba baiwar Allahn nan tukuna, namu zai jira."

Kin ji shi. Na ga idonki ya sauka a ƙirjina inda babu komai, ya koma kan Alhaji, ya dawo kaina. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta tona ni. Sai kika miƙo mini hannu kika ce, "To Likita, a taimaka."

Na kama wuyan hannunki, kuma ba yadda zan yi, dole na sa hannu a aljihu na ciro agogon. Kika kalle shi, kika yi magana ƙasa ƙasa yadda ni kaɗai zan ji: "Ashe yana nan. Minti guda cur za ka ƙirga, Usaid, ban da ƙirga rabin minti ka ninka."

Na ƙirga minti guda cur. Aka wuce da ke ɗakin mata. Na ce idan na tashi aiki zan zo in nemi gafara, na kai bakin ƙofa na ga ɗakin cike da 'yan dubiya, na juya. Talata ma haka. Na ce Laraba ba fashi, sai aka riga ni.

Kin rufa mini asiri kina neman numfashi, ni kuwa na kasa amsa sunan da kika sha wahala kika samo mini. Wannan kunyar ba ta bar ni na yi barcin kirki ba tun ranar. Jiya bayan la'asar na je Daurawa na durƙusa gaban Alhaji Kabiru na faɗa masa komai, tun daga tabarmar nan. Da na gama ya ce in tafi zai neme ni. Ban san ko auren zai yiwu ba. Yau da safe na maƙala agogon a ƙirji na shiga aiki, wani tsoho ya ce mini Likita, na gyara masa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Huraira, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta rufa asirin bayinka a duniya, ka rufa nata ranar tsayuwa. Ka sa duk mara lafiyar da hannuna ya taɓa ya samu sauƙi, ladan ya isa gare ta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rabi'u da 'yan uwansa, da mahaifiyata da ta rasa aminiya, da mutanen Gyadi-Gyadi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata namu ƙarshen. Rabi'u, ita ba na da halin roƙonta yanzu, kai nake roƙo ka yafe mini a madadinta.

Usaid Lawan, Tarauni, nas ɗinki.