Sanyin Ƙafar Kaka

In na ji warin man zafi a jikin wani cikin mota, ƙafar Kaka nake tunawa.

A Mpape na tashi, can saman tudu, inda kwanon ɗaki ke girgiza in an fasa dutse. Kaka, mahaifiyar babana, ita ta riƙe ni. Ɗanwake take sayar wa masu fasa dutsen, kullum da safe ta sauka da roba a ka. Maigida take ce mini, wai mijin da ko gishiri bai taɓa saya mata ba.

Ciwon daji ya kama ta a nono. Asibiti suka fara ƙara mata ruwan magani, wanda suke kira kemo. Gashinta ya zube, abinci ya daina zama, amma da ƙafarta take hawa tudun nan ta dawo gida.

Cikin damina, bayan wani ƙarin ruwan, ta tashi da ciwo a ƙafar hagu, har tana cizon zane. In ka taɓa, sanyi kamar gindin randa, tafin ya yi fari. Gwaggo, ƙanwar babana, ta shafa ta ce sanyi ne ya shige ta, dama ɗakin yana tsattsafo. Kowa ya yarda. A wurinmu maganin sanyi zafi ne. Aka dafa ruwa aka yi ta gashi da tsumma, aka mulke da man zafi, aka jawo kaskon wuta. Babana ya ce a bari ruwan sama ya ɗauke, hanya duk santsi, mota kuma ba ta hawowa.

Kaka ta dube ni ta ce, “Maigida, ruwan nan ya huce ne? Ba na jin komai.”

Tafasasshe ne. Fatar har ta tashi.

Sai da yatsun suka fara baƙi aka goya ta aka sauka. Likita ya ce ba sanyi ba ne, jini ne ya daskare ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙafa, kuma ciwon da maganinsa duk suna iya jawo haka. Ya ce da an kawo ta ranar da abin ya fara, wataƙila da an ceci ƙafar. Aka yanke.

A goye aka mayar da ita sama. Ta ce ba za ta zama kayan da ake hawa da sauka da su ba, ta bar maganin. Daga ƙofar ɗaki take kallon masu wucewa. Ba ta sake sauka ba sai a makara.

Yanzu ni ake ƙara wa ruwan, nawa dajin a hanji yake. Abin da ya canza shi ne tun ranar farko aka gaya mini: in ƙafa ko hannu ya yi sanyi, ko baki ya karkace, ko ƙirji ya ɗaure, in taho a take, kada in bari a gasa. Na tambayi likitar da ke duba ni, in na bar maganin fa? Ta ce sai dajin ya ci gaba da cina.

Har yau a saman tudun nake, kuɗin haya bai bar ni na sauko ba. Na dai gaya wa maƙwabcina mai babur kada ya riƙa kashe wayarsa.