Ranar da Na Kai Faya-fayan Aminina Juji

Ni da aminina mun yi aikin rediyo tare a wani ofishi kusa da Aldwych a London, shi yana karanta labarai, ni ina fassara. Shi ya koya mini cutar tara tsofaffin finafinan Italiya, marasa launi, waɗanda aka yi bayan yaƙin duniya na biyu. Babu rawa babu waƙa, sai talakawa masu neman aiki da mata a layin famfo. Yakan ce sun fi kama da unguwarsu ta Gusau fiye da duk abin da ya gani a talabijin.

Fim guda sai ya saya sau uku: kaset na da, sannan faifai, sannan sabon bugu da aka wanke hotonsa aka haɗa da ɗan littafi. Ina yi masa tsiya cewa yunwar mutanen ciki ba ta canzawa, komai wankin hoto. Duk da haka ranar Asabar ni ne a bayansa, muna tone kwanduna a shagunan gwanjo na Peckham. Zama da maɗaukin kanwa ya kawo mini farin kai, nawa kantan ma ya cika da faya-fayai.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi, muka binne shi a nan London cikin ruwan sama. Bayan an share makoki matarsa ta kira ni gidansu na Edmonton. Tana takaba, ta zauna can gefe. Na tarar ta zuba faya-fayan duka a baƙaƙen ledojin shara.

"Malam, so nake ka kai su wurin zubar da shara na ƙaramar hukuma," in ji ta. "Amma ka karya su tukuna, kada wani ya tsinta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Hajiya, ki ba ni su mana. Ni zan riƙe."

Ta ce ta ji wa'azi cewa duk wanda ya mutu ya bar abin kallo, muddin ana kallo ana rubuta masa zunubi a kabari. Na ce babu batsa a ciki, wahalar bayin Allah ce kawai. Na kawo hujja iri-iri, har muryata ta fara tashi a gidan mamaci, abin kunya.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai ne amininsa. Za ka rantse mini ba za a tambaye shi a kansu ba?"

Na sunkuya na tattara ledojin. Ni ba malami ba ne, kuma ba ni ne kwance a ramin ba.

A cikin mota na karya su, a bakin jujin, ɗaya bayan ɗaya. Faifai yana da taurin kai, sai ka lanƙwasa shi sosai kafin ya fashe, har wani ya yanke ni a yatsa. Akwai waɗanda ko ledarsu bai kai ga ɓarewa ba. Na yi kuka, kuma na ji haushin Hajiya, na ji haushin kaina da na kasa rantse mata.

Da na koma gida na ba matata labari, ina jiran ta taya ni faɗa. Ta ɗaure mini yatsan, sannan ta ɗaga kai ta daɗe tana duban kantana.